Laraba a kasuwar shayi ta Fangcun

Kayana ba su fito daga masana'anta ba, wai sai jibi. Yaron da ke yi mini tafinta a nan Guangzhou, ɗan Damagaram ne da ya zo karatu, ya ce, "Alhaji, da zaman otal gara mu je Fangcun ka ga kasuwar shayi." Ashe unguwa ce guda, shago na bin shago kamar Kantin Kwari, sai dai a maimakon atamfa ganyen shayi ne aka danne kamar faifai, aka naɗe da farar takarda.

Pu'er suke kiransa, daga lardin Yunnan yake zuwa. Kowane faifai giram 357 ne, ana ɗaure bakwai wuri guda cikin ɓawon gora. Danne shi ɗin ya samo asali ne tun lokacin da ake lafta wa dawakai da alfadarai shi zuwa Tibet.

Da yaron ya ce ganyen barinsa ake yi ya ruɓa, gabana ya faɗi, na tambaya ko yana bugarwa. Ya yi dariya, "Haba Alhaji, ai kamar daddawa ne." Nan na saki jiki. Iri biyu ne. Akwai sheng, ɗanye, wanda ake dannewa a ajiye shekaru yana nuna a hankali. Akwai shou, wanda aka fara yi a Kunming, babban birnin Yunnan, a 1973 don masu gaggawa: a tara ganye, a yayyafa ruwa, a lulluɓe, ana juyawa har wajen wata biyu, ya yi baƙi.

Mai shagon, wata dattijuwa, ta zaunar da mu gaban teburin katako mai magudanar ruwa. Da wani abu kamar basilla ta soki gefen faifan, ta ɓanɓaro ganye giram bakwai ba tare da ta farfasa shi ba, ta sa a ɗan kwanon tangaram mai murfi, gaiwan. Ta zuba tafasasshen ruwa, nan take ta tsiyaye cikin 'yan kofunan gabanmu. Ni kuwa na ɗauka na kurɓe. Ruwan wanki ne! Da shi ake ɗauraye ganyen a ɗumama kofi, sannan a zubar. Ta rufe baki tana dariya, yaron ya sunkuyar da kai kamar bai sanni ba.

Da shou muka fara. Daƙiƙa goma kawai take barinsa a ruwa, ya fito ja-ja baƙi-baƙi. Ƙamshin ƙasa ne sak, irin na ranar da ruwan farko ya sauka, ko na sabuwar randa. Idona ya yi ta neman sukari a kan teburin, babu. Bakin da ya saba da haɗin mai shayi, madara har cokali ya tsaya, bai ji komai ba a kofi biyun farko. A na huɗu ne na ji wani santsi mai kauri yana bin maƙogwaro. Yaron ya ce su a gida ataya zagaye uku ne, kuma ganyen ma daga nan Sin yake zuwa. Wannan kuwa na daina ƙirga bayan zubi na goma, ganye ɗaya, tana ɗan ƙara daƙiƙu kowane karo. Duk sanda ta cika maka kofi, sai ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyar ke nan.

Tsohon sheng ɗin shi ya kama ni. A takardarsa an rubuta 7542: 75 shekarar da aka tsara haɗin, 1975, 4 darajar ganye, 2 kuma lambar masana'antar Menghai. Launinsa kamar zuma. Ɗaci ne ya fara tarbata, na haɗiye, can sai zaƙi ya taso daga maƙogwaro ba tare da sukari ba. Huigan suke ce masa. Duk wanda ya taɓa cin goro ya bi da ruwa ya san wannan zaƙin.

Da ta faɗi kuɗinsa na ajiye kofin a hankali. A nan wasu ba don sha suke saya ba, ɓoyewa suke ya yi tsada, kuma a 2007 farashin ya faɗi warwas da mutane da yawa. Ɗan kasuwa ne ni, ba na sayen shekarun da ban ga shaidarsu ba sai a bakin mai sayarwa. Shou guda na ɗauka, mai sauƙin kuɗi.

Ta ja mini kunne: kada leda, kada rana, kuma nesa da duk wani abu mai ƙamshi, domin ganyen zuƙe wari yake. Ina ta tunanin inda zan kai shi a gidan da Hajiya ke kunna turaren wuta safe da yamma.

Bayan isha'i na gwada ɓanɓarowa da makullin akwati. Gefen ya dagargaje, gari ya watsu a kan zanin gado, na tsince shi da yatsa na jiƙa a kofin otal. Na manta na bar shi minti biyar, ya fito baƙi ƙirin kamar tawadar allo. Na shanye duk da haka. Yanzu ƙarfe ɗaya saura, barci ko alama.