Takardar Arthur da ban saya ba

Asabar. Tun asuba ake ruwa, amma na fita, don yau ake baje kolin tsofaffin takardu a wajen birnin Baltimore na Amurka, kuma wata biyu ke nan ina tara kuɗi saboda shi.

A teburi na uku na kusa tafka asara. Takardar mallakar fili ce ta 1838, ga sunan Martin Van Buren, shugaban Amurka na lokacin, a ƙasa, farashin kuwa kamar kyauta. Har na sa hannu a aljihu, sai na tuna cewa tun 1833 sakatare ne ke sa hannu a irin waɗannan takardu a madadin shugaban ƙasa. Na ajiye musu abarsu. Araha dai ba ta ado.

Inda na daɗe shi ne teburin wani dattijo. Ya fito mini da takardar naɗin shugaban gidan waya na wani ƙaramin gari, da sa hannun Shugaba Chester Arthur. Tawadar ta koma ruwan ƙasa, wajen ninkin ya fara tsagewa. Na tsaya ina kallon sunan. Mutumin nan da alfarmar ubangida ya samu shugabancin kwastan na New York, har Shugaba Hayes ya sauke shi a 1878. Ranar 2 ga Yuli 1881 Charles Guiteau, wanda ya yi ta zarya yana neman a tura shi Paris ƙaramin jakada, ya harbi Shugaba Garfield. Garfield ya rasu a Satumba, Arthur, wanda yake mataimakinsa, ya gaje shi, kuma shi ne a 1883 ya sa hannu a dokar Pendleton, wadda ta ce a ɗauki ma'aikatan gwamnati da jarrabawa. Da farko kusan kashi goma cikin ɗari na ayyukan kawai ta shafa, sauran aka ci gaba da rabo.

Da dattijon ya faɗi kuɗin, sai na yi murmushi na mayar masa.

Abin da na dawo da shi wasiƙar wani bawan Allah ce da ba wanda ya san shi, zuwa ga ɗan majalisarsu. Shafi biyu yana lissafa wahalar da ya sha lokacin zaɓe, sai a layin ƙarshe ya roƙi aiki wa ƙanensa. Sak irin wadda kawu ya ba ni na kai wa wani babba a Kaduna bayan na gama makaranta.

Uwargida ta jujjuya ta, ta ce, "To shi ƙanen ya samu?"