Yadda na toshe hujin rufin faiba na motata kafin damina

Motar Volkswagen ce ta hannu, irin wadda Turawa ke fita yawon shaƙatawa da ita, mai gado da ɗan wurin girki a ciki, rufinta kuma na faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar da wani irin danƙo. Wanda ya riƙe ta kafin ni ya ɗaura mata ƙarfen ɗora kaya a sama, da ya kwance ƙarfen sai ya shafe gurbin kusoshin da silikon. A ido ba komai. Amma ruwan Agusta a Kaduna ba ya raina huji, sai da katifa ta fara warin danshi, silin ɗin ciki ya yi tabo.

Ban taɓa motar ba sai da damina ta ɗauke, iskar hunturu ta busar da ita sarai. Faiba na shan ruwa ta bakin huji, kuma idan aka rufe danshi a ciki, gyaran zai kumbura ya ɓanɓare. Ƙurar hunturu kuwa ita ma matsala ce, shi ya sa na bari ta lafa kafin na fara.

A kasuwar Panteka ta Kaduna na sayi kayan: rezin, wato danƙon da ke haɗe faiba, da ruwan da ke daskarar da shi wanda masu sana'ar ke ce wa hadina, da tabarmar faiba, asiton na goge maiƙo, samfefa da ƙaramin buroshi. Wani dattijo mai gyaran bamba da tankunan ruwa ya dubi hoton rufin a wayata. Na ce, “Baba, in cike da filar fanel bita mana?” Ya girgiza kai ya ce, “Ɗana, fila ado ce. Rufi yana motsi, rana ta buɗa shi, dare ya tsuke shi. Kafin ka kai Zariya ka dawo ta tsage.”

Abin da ya fi cin lokaci shi ne silikon ɗin nan. Rezin ba ya kama inda ya taɓa zama, ko da ɗan maiƙonsa ne ya rage. Na kankare shi da reza, na goge da asiton, sannan na bi da samfefa mai lamba 80 har farin fenti ya tafi, zaren faiba ya fito. Nan ne mutane ke ƙyashi, don ba wanda ke son ƙara faɗin ciwo a motarsa. Amma dole a zaftare bakin hujin ya yi gangare kamar faranti, wajen santimita 4 ko 5 kewaye, domin sabon faiba ya sami wurin kamawa. Inda na ga tsaga ta miƙe daga huji, na huda ƙarshenta da siririn bakin injin huda don kada ta ci gaba. Ta ciki kuma na janye silin da farin soson hana zafi, saboda rezin na narkar da shi, na manna tef ya tare ƙasan hujin.

Awon hadina kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne. A zafinmu kashi 1 ya isa, wato mililita 1 a cikin 100 na rezin, da sirinji nake aunawa. Idan hadina ya yi yawa sai rezin ya daskare a kofi kafin a kai shi sama, har kofin ya ɗau zafi. Da sassafe nake kwaɓawa, a inuwa, kaɗan-kaɗan, don minti 10 zuwa 15 kawai yake ba mutum. Na yayyage tabarmar da hannu maimakon almakashi, saboda yagaggen baki ya fi sajewa, na jera falle uku mabambanta girma. Ba shafa rezin ake yi ba, dangwala shi ake da kan buroshi har farin tabarmar ya ɓace, ya zama garau. Duk inda ya rage fari, iska ce ta maƙale, kuma ta nan yoyo zai dawo.

Ina roƙon duk mai niyyar wannan aiki ya sa tabarau da safar hannu da takunkumi. Ɗigon hadina a ido na iya makantarwa, ƙurar faiba kuma ƙaiƙayi gare ta, da ruwan sanyi ake wanke ta. A kan tsani na tsaya, ban hau rufin ba.

Washegari na daidaita wurin da samfefa 120, na bi da 320, na sa fentin ƙasa, sannan fari. Fentin ba don kyau kaɗai ba ne, rana na cin rezin da aka bari tsirara. Bayan ya bushe na sa ƙanena ya saki ruwan tiyo a kai, ni ina ciki da tocila ina bin gurabun ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya tsatsa. Sai dai gwajin ya nuna mini robar da ke zagaye da tagar iska ta sama ta ƙeƙashe, ita kuma canji take so, ba rezin ba.