Inda na kai a koyon hoton jarida: farar riga, ƙurar hunturu da littafin aljihu

'Yan'uwa masu koyon ɗaukar hoto, barkanmu da war haka. Ga inda aka kwana tun da na fara bin wani mai ɗaukar hoton jarida a nan Kano ina riƙe masa jaka. Duk wanda yake zaton aikin nan kullum gobara ce da hawan sallah, to ya sake lissafi. Yawancin ranaku taro ne: saukar Alƙur'ani a Islamiyya, rabon taki, ƙaddamar da rijiyar burtsatse, rantsar da shugabannin wata ƙungiyar 'yan kasuwa. Manya a bayan dogon teburi, robobin ruwa jere a gabansu, wani yana ta fama da makirufon da ke ƙara. Wannan hoton dole ne a ɗauke shi, don edita zai tambaya, masu taron ma za su nema. Amma maigidana ba ya wuce minti biyu a kansa. Da ya samu, sai ya juya wa teburin baya. A ganinsa labarin yana wajen tsohon da ke ƙoƙarin ɗaure buhun taki a bayan keke, ko uwar da ta miƙe tsaye a can baya don ta hango 'yarta da allo a hannu. Na fara kwaikwayonsa, kuma tun daga nan hotunana suka daina kama da juna.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne farar riga. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabanta, in aka cakuɗa shi, zai ba da launin toka, tsaka-tsaki. To ku kawo ɗaurin aure bayan sallar Juma'a, jama'a cike da ƙofar gida cikin farar shadda mai sitati, rana ta take. Kyamara sai ta ga haske ya yi yawa ta rage shi da kanta. Shaddar ta fito a dushe, fuskokin kuwa, da yake baƙaƙe ne mu, su nutse gaba ɗaya. Rana kuma tana zubowa daga tsakar ka, kwarmin ido ya cika da inuwa, ga rawani ya ƙara rufe goshi. Maganin da nake yi yanzu shi ne ɗan maɓallin nan mai alamar +/-. Ina ƙara haske zuwa +2/3, wani lokaci +1, sannan in duba aikin da ke ƙirjin rigar. In dai ina iya ganin zaren aska takwas ɗin, ban wuce gona da iri ba. In ya ɓace ya zama fari fat, sai in ja baya kaɗan. Wanda kyamararsa ke ɗaukar ɗanyen fayil ɗin nan da ake kira RAW ya kunna shi, don yana ba da damar ɗago fuska daga baya ba tare da rigar ta ƙone ba, sai dai yana cin memori. Mai hoton biki yana iya cewa ango ya matso inuwar darbejiya. Mu ba mu da wannan ikon, ba a shirya wa labari tsayuwa, saboda haka kai ne za ka zagaya har ka sami inda hasken ya fi yi wa fuska adalci.

A cikin ɗakin taro kuma wata matsalar ce. Na sha ganin zane-zane masu duhu sun ratsa hoto a kwance, ko hoto ɗaya ya fito kore-kore na kusa da shi ja-ja, alhali a daƙiƙa guda aka ɗauke su. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu masu arha kuma suna ƙiftawa tare da ita, ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. In ka sa saurin ɗauka, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗe ido haske ya shiga, a 1/100 ko 1/50 na daƙiƙa, yawanci sai abin ya lafa. In janareta aka tayar kuwa, sai ka gwada ka gani, don ba kowane ne ke tafiya daidai ba.

Shi kuwa hunturu, yaba masa zan yi. Kowa kuka yake da ƙura, kuma da gaskiyarsu: ba na canza gilashin kyamara a waje ko da wasa, sai na shiga mota ko shago, na juya bakinta ƙasa, kuma kullum da tsumma mai laushi a aljihuna. Amma hazon nan yana tace rana. Inuwa ta yi laushi, fuska ta fito da kyau har ƙarfe sha ɗaya na safe, abin da ba ka isa ka samu a watan Afrilu ba. Asarar kawai ita ce nesa. Ka hau Dutsen Dala don ka ɗauko gari, sai ka sauko da farin allo.

Da irin wannan hasken na je marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Wurin ya sha hoto har ya gaji, marina kuma sun saba da baƙi: da sun ga kyamara sai mutum ya ɗaga zane sama ya yi murmushi ya tsaya cak. Na gaida dattijon da na tarar, na ce, "Baba, sannu da aiki. Koyo nake yi, in ba damuwa zan ɗan zauna a nan gefe." Ya ce, "Zauna mana, yaro, amma ka janye ƙafarka daga bakin ramin." Na zauna ban ɗaga kyamara ba har ya manta da ni. A nan na lura da abin da ban taɓa gani a hotunan wurin ba. Zanen idan ya fito daga ruwan baba, wato ruwan rinin, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne, sai ya sha iska sannan ya juye a gaban idonka. Shi ya sa marini yake tsomawa ya ɗaga, ya jira, ya sake tsomawa. Hoton da na fi so a ranar shi ne wanda rabin zanen ya riga ya yi shuɗi, gefen da ya fito a ƙarshe yana kore, ruwa yana ɗiga daga safar hannunsa ta roba. Na sa 1/500 don ɗigon ya tsaya. A ɗakin 'yan bugu kuma na yi akasin haka, na sauko 1/30, na jingina kafaɗa da bango, sandunan bugun suka zama inuwa mai gudu, fuskokin mutanen suka tsaya daram. Na kuma ɗauki ramukan da aka daina amfani da su, waɗanda shara ta cike, don ba su da kyan gani amma suna cikin labarin, kuma masu ɗaukar hoton yawon buɗe ido suna kauce musu.

Yanzu ga ɓangaren da ba ruwansa da kyamara, wanda kuma a wurina ya fi sauran nauyi. Hoton da ba suna, ba wuri, ba rana, a jarida bai da amfani komai kyansa. Littafin aljihu da biro suna tare da ni ko da batir ya mutu. Dabarar da na koya: da na ɗauki mutum, sai in tambayi sunansa in rubuta, in nuna masa ya tabbatar, sannan in ɗauki hoton shafin. Idan na zo tantancewa da dare, sunan yana biye da fuskar a jere, ba rikici. Sarauta kuwa a yi hattara da ita. Hakimi daban, dagaci daban, mai unguwa daban. Ka rubuta wa dagaci mai unguwa a ƙasan hoto, kafin azahar waya ta iso ofis. A kuma daidaita agogon kyamara, don ranar da za a yi gardama a kan lokacin da abu ya faru, shi ne shaidarka.

Mai ɗaukar hoton da ya zo daga nesa yana ɗauka ya hau jirgi. Mu gobe ma a layin za mu bi, a masallacin za mu yi sallah. Na bi masu rigakafin shan inna wata unguwa a cikin birni. Tun watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, amma ana ci gaba da zagayen saboda nau'in da ke ɓullowa inda yara ba su sami ɗigon sosai ba. Matan da ke aikin suna shiga har tsakar gida, ni kuwa iyakata zaure, kuma sai da ɗan rakiyar mai unguwa ya yi mini iso. Ban ji na yi asara ba. Alamar alli da suke rubutawa a jikin bango, da ɗan ƙaramin yatsan yaro da aka shafa wa tawada, uban yana riƙe da hannun, sun isa su faɗi abin da ake yi. Haka a wurin gobara ko rabon tallafi: mutumin da shagonsa ya ƙone yana kuka, ko matar da ta miƙa hannu tana karɓar shinkafa, suna da 'ya'ya a makaranta da surukai masu waya. Wani lokaci labarin yana bukatar fuskar, a ɗauka. Sau da yawa kuwa bayansa da tokar shagon sun wadatar. Abin da ba na yi ko kaɗan shi ne goge wani abu ko ƙara shi a kwamfuta. Gyaran haske da yanke gefe, shi ke nan.

Wajen turawa, kada ku jefa hoto a WhatsApp kai tsaye, yana matse shi ya lalace. A tura shi a matsayin fayil.

Hawan sallah ne jarrabawar da ke gabana, musamman yanzu da hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024, idon waje ya ƙaru a kansa. Ranar Hawan Daushe, idan mahaya suka sako dawaki a guje a filin Ƙofar Kudu don jinjina, saurin ɗaukar da bai kai 1/1000 ba ba ya tsayar da kofato, ga hayaƙin 'yan bindiga yana ruɗa kyamara ta rasa inda za ta kafa ido. Ina gwaji da samarin da ke fita kilisa da yamma, in babu su kuma da adaidaita sahu a bakin titi. Mai tahowa kai tsaye har yanzu yana kuɓuce mini, mai giftawa ta gefe na fara kama shi.

Inda na maƙale shi ne dare. Teburin mai shayi da tukubar mai tsire suna da fitila fara ta caji a sama, jan garwashi a ƙasa, in na gyara launin ɗaya sai ɗayan ya ɓaci, kuma a tsohuwar kyamarata, da na ɗaga ISO, wato ƙarfin yadda kyamara ke jin haske, ya wuce 1600 sai hoto ya cika da tsaki-tsaki. Wanda a cikinku ya sami hanyar da ba sai da filashi ba, don Allah ya faɗa mini lambobin da yake sawa, da nisan da yake tsayawa daga wutar.