Yadda na tayar da tsohon injin zarto mai ɗamara

A wata rumfa a Kasuwar Panteka ta Kaduna na gan shi, an jingine shi da bango, tsatsa ta ci teburinsa har ya koma ja kamar jar ƙasa. Injin zarto ne mai ɗamara, irin wanda ruwan zartonsa ke zagaye wili biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ƙirar Delta ce ta Amurka mai wili inci 14, wadda suka fara yi tun shekarun 1930, daga baya masana'antun Taiwan suka yi ta kwaikwayonta. Na daɗe ina son irinsa a ɗan shagon da na gyara a bayan gida, saboda zarton hannu ya gajiyar da ni wajen yanka mai lanƙwasa, kamar kan allo da ƙafafun kujera 'yar tsugunno.

Abu ɗaya na duba kafin mu yi ciniki: jikinsa. Ƙarfen zubi ne, kuma idan ya tsage walda ba ta cika riƙe shi ba. Na bi shi da fitilar waya, musamman ƙarafan da ke riƙe teburin ta ƙasa, inda masu ɗauka kan kama su ɗaga har su karye. Babu tsaga. Mutum uku muka ɗora shi a a-kori-kura.

Sati biyun farko sun tafi a wanki. Kafin in kwance kowane noti sai na ɗauki hotonsa, sannan in zuba ƙananan kayan a gwangwanayen madara in rubuta inda suka fito. Teburin na jiƙa shi da kananzir, na goge da samfefa mai laushi da na naɗa a jikin katako miƙaƙƙe don kada in yi masa rami. Boris ɗin wili, wato zobban ƙarfe masu ƙwallaye da wilin ke juyawa a kansu, duk sun bushe, suna ƙara kamar an zuba musu tsakuwa. Lambarsu na rubuce a jikinsu, don haka na kai wa masu sayar da kayan gyara suka ba ni daidai su. Na yi fenti ma, amma fenti bai ƙara wa yankan komai ba, kuma da zan sake da sai na bar shi ƙarshe.

Moton da ya zo da shi na wutar Amurka ne, mai bolt 110 da bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230 ce da bugu 50. Ko an sa masa taransifoma, moton da aka rubuta wa juyi 1725 a minti zai sauko kusan 1425 a wutarmu. Sai na saya masa moto mai ƙarfin doki ɗaya irin namu, na sa masa fuli, wato faifan da bel ke hawa, mai inci uku da rabi, yana jan mai inci shida da ke jikin wilin ƙasa. Da wannan lissafin zarton na gudun ƙafa 3000 da 'yan kai a minti, wanda shi ne gudun da katako yake so.

Na ɗauka na gama. Ranar da na kunna shi, zarton ya zame daga wilin sama tun kafin in kawo itace kusa. Sai a lokacin na lura da robar da ke bakin wilin. Zafi da shekaru sun mayar da ita kamar busasshen ƙirgi, ta tsattsage, wani wurin ma ta ɓalle. Bakin wilin nan ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan tozo a tsakiya, kuma tozon ne ke jan zarton ya zauna a wuri ɗaya. Idan roba ta lalace, zarto ba shi da wurin zama. Da farko na yanko tib ɗin babur na haɗa bakinsa da gam, amma duk zagaye sai mahaɗin ya buga, injin ya riƙa rawa. Wani mai faci ne ya ba ni shawarar in yanko zobe cikakke daga tib ɗin ƙaramar mota, wanda babu mahaɗi. Na jiƙa shi a ruwan zafi ya yi laushi, na ja shi a kan wilin, na bi da sukundireba a ƙarƙashinsa sau biyu don jan ya daidaita ko'ina. Rawar ta tsaya.

Amma yankan bai miƙe ba. Na ja layi a kan katakon madaci, ina turawa zarton na karkata hagu. Na ƙara ɗaure sifirin da ke jan zarton ya yi tauri, na sassauta, na motsa teburi, na sake auna wili biyun da miƙaƙƙen ƙarfe. Kwana uku ina wannan, har raina ya fara ɓaci, ina zargin injin ya tanƙware tun can.

Akwai wani dattijon kafinta a unguwarmu da ya yi shekaru a gidan yankan katako. Na je na gaishe shi na ce, “Baba, don Allah ka zo ka duba mini, na rasa inda matsalar take.” Da ya zo bai taɓa noti ko ɗaya ba. Ya sa na cire wuta, ya shafa haƙoran zarton da ɗan yatsa ta dama, ya shafa ta hagu, ya ce, “Ɗana, injinka lafiyarsa lau. Zartonka ne ya mutu ta gefe ɗaya.”

Haƙoran zarto ana tanƙwara su ne, wannan dama wannan hagu, don su buɗe hanyar da ta fi kaurin ruwan. Tsohon zarton da na tarar a jikin injin ya taɓa gogar ƙarfe, haƙoran dama suka dakushe, na hagu kaɗai ke ci, dole ya bi inda ke ci. Abin da ya fi komai arha a injin shi na ƙi canzawa, don na gan shi bai karye ba. Na je wurin masu haɗa zarto a kasuwar katako, suka yanko mini tsawon inci 93 da rabi, faɗin rabin inci, mai haƙori uku a kowane inci. Baba ya ce in duba mahaɗin da kyau, ya zama an goge shi daidai da sauran jikin.

Shi ya tsaya a kaina muka daidaita sauran. Muka juya wilin da hannu har gindin haƙoran ya hau tsakiyar tozo. 'Yan ƙarafan da ke tallafar zarton ta gefe sun cinye, sai na fafe wasu da itacen ƙirya na jiƙa su a mai. Tsakaninsu da zarton kaurin takardar kuɗi kawai, kuma a bayan haƙora suke tsayawa. Boris ɗin da ke bayan zarton ba ya taɓa shi sai an tura katako. Ya kuma ja mini kunne a kan abubuwan da nake kiyayewa har yau: in sauko da murfin zarton dab da katako, kada in tura gungume mai mulmulewa ba tare da na ɗaure shi ba don zarton zai fizge shi, kuma in na ji ƙarar ƙas-ƙas a kowane zagaye in kashe nan take, ruwan ne ya fara tsagewa. Ina sassauta sifirin duk yamma don kada zarton ya yi wa robar gurbi, musamman a watannin zafi.

Abin da na fara yankawa da sabon zarton guntun aduwa ne. Na tsaga shi gida biyu ba tare da ya kauce wa layi ba, na zana kan allo na zagaye shi. Ɗaya na ba ƙaramar 'yata ta tafi da shi makarantar allo, ɗayan na kai wa Baba don jikansa.