Wasiƙa daga New Jersey: Takardar da maƙwabcina ya kawo in sa hannu

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina fata kowa yana lafiya, ya iyali, ya fama da tsadar rayuwa? Mu nan alhamdu lillahi, sanyi ya fara kankama, ganye duk ya zube.

Wata takarda ce ta kwana uku a kan teburina, ita ta sa na rubuto muku.

Ran wata Asabar ina sharar ganye a ƙofar gida, sai maƙwabcina ya tsallako titi da takarda a hannu. Dattijon Bature ne da ya yi ritaya, mutumin kirki ƙwarai; shekarar da muka tare shi ya nuna mini yadda ake rufe famfon waje kafin ƙanƙara ta fasa bututu. Ya ce majalisar gari na shirin amince wa wani kamfani ya gina gidajen haya a filin da ke bayan layinmu, kuma wani kaso na masu ƙaramin ƙarfi ne, waɗanda gwamnati ke tallafa wa. Ya dube ni ya ce, "Kai ma duk guminka yana cikin gidan nan. In mutanen nan suka zo, darajarsa faɗuwa za ta yi." Na karɓi takardar koken, na ce ya ba ni kwana biyu.

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. A gida mutum kan sayi fili, ya yi ta ɗora bulo har Allah ya nufa ya tare. Nan bashin banki ake ci, a yi shekara 30 ana biya duk wata. Ga yawancin ma'aikata gidan nan shi ne gona, shi ne garke, shi ne abin da za a bar wa yara. Kuma ba kai ke yanka masa kuɗi ba. Ranar da za ka sayar, mai ƙiyasi zai duba nawa aka sayar da gidajen kusa da kai a 'yan watannin baya, da wannan zai auna naka. Sannan makarantun gwamnati sun dogara sosai kan harajin gidaje, New Jersey kuwa tana sahun gaba a Amurka wajen tsadar wannan haraji. Unguwa mai tsada ita ke da makaranta mai kyau, makaranta mai kyau kuma ita ke ƙara wa unguwa tsada. Shi ya sa za ka ga mutum mai fara'a ya murtuke da zarar an ambaci 'yan haya masu tallafi.

Tallafin iri biyu ne a taƙaice. Akwai wanda kowa ke kira Section 8, da aka kafa a dokar 1974: ana ba iyali takarda su nemi gida da kansu, su biya wajen kashi 30 cikin 100 na abin da suke samu, gwamnati ta cika wa mai gida sauran. Iyalai sama da miliyan 2 ke kansa, amma cikin iyalai huɗu da suka cancanci taimakon haya, kusan ɗaya ne ke samu, ana shekaru a layi. Akwai kuma na dokar 1986, inda ake yi wa masu gini rangwamen haraji in sun yarda su sa haya mai sauƙi. Wannan na biyun ne zai zo bayan layinmu.

Abin da maƙwabcin nawa bai sani ba, akwai mai irin tallafin farko a layinmu tun shekara uku da suka wuce. Gida na huɗu daga namu, wata baiwar Allah ce da 'ya'yanta biyu maza, tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi. Maiɗakina ce ta sani, don suna haɗuwa a tashar motar makaranta. Ita ta ba ta labarin yadda ta kira masu gidaje fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, da sun ji takardar tallafi sai su ce an riga an kama gidan, alhali dokar jihar nan ta hana a ƙi mutum saboda hanyar da yake biyan haya. Kafin ta shiga sai da mai duba gidaje ya zo ya gwada ƙararrawar hayaƙi, ya duba tagogi da fenti, kuma yana dawowa lokaci lokaci. Duk ranar da dusar ƙanƙara ta sauka, babban ɗanta ne ke fitowa da shebur tun duku-duku, kuma har ƙofar wannan dattijon yake sharewa.

Daren da na ajiye takardar koken, maiɗakina ta ɗauka ta karanta a tsaye. Ta ce, "Baban Hafsa, ka manta ɗakin da muka zauna a Newark? Wanda muke toshe taga da tsumma?" Ban manta ba. Ta ajiye ta shige kicin, ba ta ƙara cewa komai ba.

Garinmu bai da nisa da Mount Laurel, kuma duk wanda ya zauna a jihar nan ya san sunan, don daga can dokar da ta wajabta wa garuruwan jihar ba da wurin gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi ta samo asali. Baƙaƙen fata sun zauna a garin tun kaka da kakanni. Da gonaki suka fara komawa unguwannin masu kuɗi, sai talakawa suka rasa wurin zama, wasu har akurkin kaji suka gyara suka shiga da iyalansu. Wata malamar makarantar yara, Ethel Lawrence, da 'yan'uwanta suka nemi izinin gina gidaje 36 kacal. A 1970 shugaban garin ya je har cocinsu ya gaya musu cewa in ba su da halin zama a garin, sai su tashi su bar shi. Suka kai ƙara. A 1975 Kotun Ƙolin New Jersey ta yanke cewa babu garin da ke da ikon tsara dokar gini don ya kori talaka, kowane gari mai bunƙasa sai ya ɗauki kasonsa. Garuruwa suka yi ta ja da ƙafa, har kotun ta sake tsanantawa a 1983. Ethel Lawrence ta rasu a 1994 ba ta ga ko harsashi ba. Sai a shekarar 2000 aka buɗe rukunin gidajen da ke ɗauke da sunanta, daga baya suka cika 140.

Gani ya kori ji, sai na tuƙa mota na je. Da ba don allon suna ba, da na wuce ban gane ba. Gidaje ne irin na kewayensu, ciyawa a yanke, kekunan yara a jingine, motar makaranta tana sauke yara.

Kafin a yi ginin, mazauna garin sun cika zauren taro suna cewa laifi zai yawaita, haraji zai hau, gidaje za su faɗi. Farfesa Douglas Massey na Jami'ar Princeton da abokan aikinsa suka bi diddigi, suka kwatanta Mount Laurel da garuruwa uku makamantanta, Cherry Hill da Evesham da Cinnaminson. Sakamakon da suka fitar a 2013 ya nuna ko ɗaya daga cikin abubuwa ukun da ake tsoro bai faru ba. Waɗanda suka samu shiga kuwa, aiki ya ƙaru a cikinsu, damuwa ta ragu.

Amma ba zan gaya muku rabin gaskiya ba. Akwai wani babban bincike na Rebecca Diamond da Tim McQuade daga Jami'ar Stanford, wanda aka buga a 2019. Sun gano cewa in aka yi irin wannan gini a unguwar talakawa, gidajen kusa kan tashi da kashi 6.5 cikin 100. In kuwa a unguwar masu hali ce wadda yawancinta Turawa ne, gidajen da ke dab da ginin, tazarar kamar mita 160, kan sauka da wajen kashi 2.5. Gidan dala 300,000 ke nan ya rasa 7,500. Kuɗi ne, ba na raina shi, na san awa nawa mutum zai tsaya a ƙafarsa kafin ya tara su.

Na ɗora wannan a sikeli, ɗaya gefen kuma na ɗora abin da Raj Chetty da abokansa na Harvard suka gano game da iyalan da gwamnati ta taimaka wa suka tashi daga unguwannin tsananin talauci a birane biyar cikin shekarun 1990. Yaran da aka ɗauke kafin su cika shekara 13, da suka girma samunsu ya ɗara na takwarorinsu da kashi 31 cikin 100. Ina karantawa ina ganin yaron nan da shebur ɗinsa.

Sannan abin da ya fi tsaya mini a rai: ai ginin ba ya taɓa bangon kowa. Abin da ke saukar da kuɗin shi ne mai saye ya leƙo, ya ga irin fuskokin da ke layin, ya juya. To wace irin fuska ce tawa? Ga Willingboro nan kusa, inda kamfanin Levitt ya fara gina dubban gidaje a 1958 ya ƙi sayar wa baƙar fata, sai da kotu ta tilasta shi a 1960. Hujjar masu ƙin a wancan zamani ita ce dai wannan ta darajar gida. Ni baƙar fata ne, Musulmi, matata da hijabi. Da an zagaya da takarda irin wannan shekara sittin baya, a kaina za a rubuta ta. Gidan da nake tsoron ya faɗi, wahalar wasu a kotu ce ta buɗe mini ƙofarsa.

Ku ma kada ku ce wannan matsalar Turawa ce kawai. A cikin birnin Kano inda na taso, katangar attajirin unguwarmu a manne take da ta mai dako, masallaci ɗaya, makarantar allo ɗaya, kuma ɗan mai dakon ya san zauren da zai shiga in kuɗin makaranta ya gagara. Ban ce babu wulaƙanci a wancan zama ba, akwai, amma ana ganin juna. Yanzu dubi Abuja. Mai gadi da direba da mai shara na Maitama da Asokoro, daga Nyanya da Mararaba da Masaka suke tasowa tun kafin asuba, rabin albashi ya tafi a mota. A sauran birane ma sababbin unguwanni masu ƙofa da maigadi sai ƙaruwa suke. Ana son aikin mutum, ba a son a ga shanyarsa.

Ranar Talata na mayar wa dattijon takardarsa ba sa hannu. Na gaya masa tsoronsa ba na banza ba ne, ni ma na ji shi, kuma in an je taro zan tsaya tare da shi mu nemi a sa masu kula da ginin na ƙwarai, a yi shi daidai da tsarin unguwa, a gyara mahaɗar titin saboda yara. Amma ba zan sa sunana a kori kowa ba. Ya yi shiru, ya naɗe takardar, ya ce ya ji. Ban gaya masa labarin mai gida na huɗu ba, don sirrinta ne.

Kwana biyu gaisuwarmu ta yi sanyi, daga nesa kawai yake ɗaga hannu. Jiya dai ya tsallako ya tambaye ni ko na rufe famfon waje. Taron majalisar kuma wata mai kamawa ne, ni da maiɗakina mun riga mun nemi hutun wannan yammacin a wurin aiki.

A gaida mutan gida, manya da yara. A sa mu a addu'a.

Ɗan'uwanku a New Jersey