Godiya ga waɗanda suka haɗe mana saitin na'urori wuri guda

Alhamdulillahi. Aikin tattara saitin ƙananan na'urorinmu a tsari ɗaya ya kammala, kuma manhajar farko da aka gina da shi tana aiki lafiya a hannun masu amfani da ita.

Wanda bai shiga wannan aiki ba ba zai san wuyarsa ba. A da, na'urorin da ke kan FreeRTOS, wata manhaja mai tafiyar da ƙananan na'urori, saitinsu na cikin fayil ɗin FreeRTOSConfig.h, waɗanda ke kan takwararta Zephyr nasu na cikin fayil ɗin prj.conf, sauran kuma a warwatse cikin manhaja. Ka canza saurin hanyar aika bayanai ta UART nan, ka manta da can, na'ura ta yi shiru, a kwana ana neman dalili.

Babbar godiyata ga injiniyoyin da suka zauna suka bi saiti ɗaya bayan ɗaya, suna tambayar kowanne: kai na ina ne? Abin da ya shafi jikin allon lantarki na na'ura, wato wace ƙafar chip ce ke riƙe da firikwensin (sensor), wane adireshi yake da shi a layin sadarwa na I2C, suka kai shi devicetree, fayil ɗin da ke bayyana kayan da ke jikin allo. Abin da ake zaɓa lokacin gina manhaja, kamar kunna Bluetooth ko girman ma'ajiyar kowane aiki, ya koma Kconfig, tsarin da ke riƙe da irin waɗannan zaɓuɓɓuka. Wanda mai na'ura zai iya canzawa bayan ta bar hannunmu aka ware masa wuri a flash, ma'ajiyar da ba ta gogewa ko an kashe na'ura, tare da lambar siga, don kada sabuntawa ta goge masa zaɓinsa. A ganina wannan rabo shi ne aikin gaba ɗaya. Aiki ne mai cin rai, ba a ganinsa a fuskar na'ura, amma suka yi shi da haƙuri. Allah ya saka muku da alheri.

Ina gode wa 'yar'uwarmu da ta dage a rage amfani da umarnin select na Kconfig a koma umarnin depends on, wanda ke sa abu ya jira cikar sharuɗɗansa. An yi ta ja da ita, alhali gaskiya ta faɗa: select yana kunna abu ko da sharuɗɗansa ba su cika ba. Masu gwaji ma, sannunku da ƙoƙari. Yanzu saitin da ya saɓa wa wani tun wurin gini yake tsayawa, ba sai na'ura ta isa hannun mutane ba.

Akwai kuma waɗanda ba mu taɓa haɗuwa da su ba. Kconfig daga Linux ya fito, manhajoji irin su U-Boot da Buildroot da NuttX duk suna amfani da shi, Zephyr kuma tun 2016 yake ƙarƙashin gidauniyar Linux Foundation, kowa ya ɗauka kyauta. Guminsu muka ci, muna godiya.

Iyalanmu da suka jure dawowarmu cikin dare, da abokan hulɗa da suka yi haƙuri da jinkirin sabuntawa, Allah ya bar zumunci, ya biya kowa da mafificin alheri.