Kuɗin haya da kasafin wata

Tun da muka kama haya a Kano, ni da maiɗakina muke zama a daren da albashi ya shigo mu kasafta shi a takarda. Da yake shekara-shekara ake biyan haya, sai muka raba kuɗin gida 12, muna ajiye kason kowane wata a asusu daban da ba ma taɓawa ko da biki ya taso. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na 'yan garuwa suka tashi, dole muka rage nama domin katin wuta da iskar gas su samu gurbi. Gudummawar dangi ce har yanzu take rikita lissafin, domin ba ta da ranar zuwa.